Jifan Faifai: Ƙarfin Yana Ƙugu, Ba Damtse Ba

Duk wanda ya taɓa bin mafarauta cikin dazuzzukan ƙasar Kontagora da rani ya san ba kaurin damtse ke kai kere ga zomo ba. Maharbi yakan kafa ƙafa, ya murɗa ƙugu, sa'an nan hannu ya biyo kamar bulala.

To, da wannan dabara ake cin wani wasa na Amurka, watau jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi daga nesa. Wanda jifansa ya fi kaɗan shi ke da nasara. Ed Headrick ne ya tsara filinsa na dindindin na farko a Kalifoniya cikin 1975.

Gwanayen sukan juya wa kwandon baya, su miƙa faifan can, su dire ƙafar gaba tukuna, kana su jawo shi dab da ƙirji. In bakin faifan ya ɗaga, iska ta tokare shi, ya faɗo kusa. Mai fizga da kafaɗa kaɗai kuwa, ga gajeren jifa, ga ciwon gwiwar hannu.

Cikin 2016 David Wiggins ya jefa faifai mita 338 a hamadar Nebada, ko da yake iska mai ƙarfi ta ba shi hannu.