Lambar Wayarka Ba Makulli Ba Ce

Magidanci ya sayi 'yar na'urar MiFi ko rauta, ya zura mata layi, ya loda data na wata guda, kwana goma sha biyu sai ya ga saƙo cewa ya ƙare. Nan take zai hau zagin kamfanin sadarwa. Wani lokacin yana da gaskiya. Amma sau da yawa da zai leƙa ƙofar gida bayan sallar isha'i, zai tarar da samari reras a kan dakali, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, suna kallon ƙwallo da kuɗinsa. Wi-Fi igiyar rediyo ce, ba ta san katanga ba, ba ta san gida da waje ba. Duk inda ta kai, mai waya zai ganta.

Asarar data ma ita ce ƙaramar. Layin da ke cikin na'urar nan da sunanka aka yi masa rajista, a Nijeriya kuma an haɗa shi da lambarka ta NIN. Idan wani ya hau intanet ɗinka ya damfari mutane, sawun da masu bincike za su bi gidanka zai fara kawo su. Wanda ya shigo kuma yana iya kaiwa ga kyamarar tsaro ko kwamfutar da ke haɗe da na'urar.

To me ɗan hoton kwaɗon da ke gefen sunan Wi-Fi yake nufi? Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance: 'yan mata biyu su yi hira a gabanka, kana jin sautin, ma'anar ta wuce ka. Haka waya da rauta suke yi. Kafin saƙo ya fita cikin iska sai su hautsina shi da lissafi, ta yadda sai mai riƙe da makulli ne zai iya warware shi. Sai dai zaurance yana da lago: in ka daɗe kana saurare za ka gano inda ake cusa ƙarin gaɓar. Abin da ya kashe tsarin farko ke nan, wanda ake kira WEP. Ya fito a 1997, a 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna cewa wanda ya tattara isassun saƙonni daga iska zai iya ciro makullin daga cikinsu. Ba a jima ba abin ya koma aikin 'yan mintuna. Kamfanin kantuna na TJX a Amurka ya yi jinkirin sauya shi, a 2007 aka bayyana cewa masu kutse sun kwashe bayanan katunan banki sama da miliyan 45.

An yi wa WEP faci da WPA a 2003, sannan WPA2 ya zo a 2004 da tsarin ɓoye saƙo na AES, wanda wasu 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira. WPA3 ya biyo baya a 2018. Idan na'urarka tana da WPA3, shi za ka zaɓa. In akwai tsohuwar waya ko talabijin a gidan da ta ƙi haɗuwa, akwai zaɓin da ya gama WPA2 da WPA3. In babu, WPA2 mai AES ya wadatar. Na'urar da ba ta san komai ba sai WEP kuwa, ta gama aikinta, a sallame ta.

A nan ne mutanenmu suke tuntuɓe. Babu wanda ya san hanyar fasa AES kai tsaye, don haka ɓarawo ba ya wahalar da kansa da jikin kwaɗon, kalmar sirrinka yake nema. Duk lokacin da waya za ta haɗu da rauta mai WPA2, sai sun yi wata gaisuwa ta saƙo huɗu don tabbatar da cewa makullinsu ɗaya. Mai kutse yana iya naɗar wannan gaisuwa daga waje, ya tafi ɗakinsa, ya sa kwamfuta ta yi ta canki-canki har ta dace. Rautarka ba za ta ma san ana yi ba, balle ta hana. Kwamfuta mai ƙarfi tana gwada dubban ɗaruruwan kalmomi a daƙiƙa guda. Wannan ƙofa ce WPA3 ya zo ya toshe, domin a tsarinsa kowane canki sai an tuntuɓi rautar.

Yanzu dubi abin da yawancinmu muke sawa: lambar waya. Tana da lambobi 11, ga tsawo, ga sauƙin tunawa, sai mutum ya ɗauka ya kulle gida. Amma ukun farko kowa ya san su, 080 ne ko 081 ko 070 ko 090 ko 091. Saura takwas, wato zaɓi miliyan 100 a bayan kowace, abin da kwamfutar da muka ambata za ta tattake cikin mintuna. An gwada wannan a aikace. A 2021 wani mai bincike na kamfanin CyberArk, Ido Hoorvitch, ya zagaya birnin Tel Aviv ya tattaro bayanan Wi-Fi 5,000, ya buɗe kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma mafi yawan waɗanda suka faɗi lambar wayar masu gidan ce makullinsu. Maƙwabcinka ma ba ya buƙatar kwamfuta, lambar taka tana cikin wayarsa. Haka 12345678, haka sunan auta da shekarar haihuwarta.

Tsarin WPA2 ya yarda da kalmar sirri mai harafi 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi ƙaƙale amfani. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, irin su tulu, jirgi, barkono da hazo, ka raba su da lamba ko alama. Kada ka ɗauki karin magana ko baitin waƙa, kuma kada ka ɗauki misalin nan nawa tunda an riga an buga shi. Wani abu da ya shafe mu Hausawa: ka guji ƙ da ɗ da ɓ. Ƙa'idar an gina ta ne a kan haruffan boko na gama-gari, wata na'urar za ta karɓi masu lanƙwasa, wata ta ƙi.

Sauyawar ba ta kai minti goma ba. Juya na'urar, akwai takarda manne a ƙasanta ko a bayan batir, ɗauke da adireshi irin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza, ka shiga sashen Wi-Fi, ka zaɓi tsarin tsaro, ka sa sabuwar kalma, ka adana. Duk wayoyin gidan za su yanke sai an sake shigar musu da ita, kada hankalinka ya tashi.

Kafin ka fita daga shafin, makullin biyu ne. Wanda ka shiga shafin da shi daban yake da na Wi-Fi, kuma a na'urori da dama “admin” ne kawai tun daga masana'anta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: a 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci da jerin irin waɗannan kalmomi kusan 60, aka yi amfani da su wajen durƙusar da Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a watan Oktoba. Sauya makullin shafin. Ka kuma kashe WPS, wato hanyar haɗa waya da rauta da 'yar gajeriyar lamba maimakon kalmar sirri. Tun 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar WPS mai lambobi takwas gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta, kuma wanda ya gano ta ya samu kalmar sirrinka komai tsawonta. In na'urar ta nemi sabunta manhajarta, ka bar ta ta yi.

Saura kunya, wadda ta fi duk waɗannan wuyar magani. Baƙo ko ɗan maƙwabci ya ce “Baba, a taimaka da fasiwod”, ba ka iya cewa a'a. Ka sani dai wayoyin Android na yanzu suna mayar da kalmar lambar QR, wanda ka ba wa zai iya raba wa abokansa goma kafin ya kai bakin titi. Rautoci da yawa suna da sashen baƙi mai makullinsa daban. Buɗe shi, ka ba su wannan, ka riƙa sauya shi lokaci-lokaci, na iyali kuma ya tsaya a cikin gida. A shafin nan dai akwai jerin duk na'urorin da ke haɗe a yanzu. Ka duba shi yau da dare, ka ƙirga, ka gwada da yawan wayoyin da ke gidanka.