Yadda Ake Koya wa Kwamfuta Karanta Rubutun Ƙwayoyin Gado

Masana ilimin halittu kan rubuta sinadarin gado, wato DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Na ɗan Adam kaɗai ya kai haruffa kusan biliyan 3, saboda haka karatunsa sai kwamfuta. To amma ita kwamfuta ba ta san inda suna ya ƙare da inda jerin haruffa ya fara ba, sai an gina mata manhaja mai feɗe rubutu, wadda za ta rarrabe shi gaɓa-gaɓa.

Tsarin rubutu mafi sauƙi shi ne FASTA, wanda ya samo sunansa daga manhajar da William Pearson da David Lipman suka bayyana a Amurka a 1988. Ƙa'idarsa ita ce, duk layin da ya fara da alamar > sunan jeri ne, layukan da ke biye kuwa haruffansa ne, har sai an sake cin karo da alamar. Akan sa manhajar ta riƙa ɗaukar jeri ɗaya bayan ɗaya, domin kada babban fayil ya cika ƙwaƙwalwar na'ura. Irin waɗannan manhajoji ake tarawa a taska guda, kamar Biopython da BioPerl, don kowa ya ɗauka ya yi aiki.

Wahala takan bayyana a tsarin FASTQ. A nan kowane jeri yakan zo da layi huɗu: suna mai farawa da alamar @, sai haruffa, sai layin alamar +, sannan alamomin da ke nuna ingancin kowane harafi. Matsalar ita ce, @ na cikin alamomin ingancin, kuma tana iya faɗowa a farkon layi na huɗu. Manhajar da ta dogara da alamar kaɗai sai ta zaci sabon jeri ne. Maganin abin shi ne ƙidaya, domin tilas yawan alamomin inganci ya yi daidai da yawan haruffa.

Illar manhaja mai yin zato ta fito fili a Excel, wadda kan mayar da sunan ƙwayar gado SEPT2 ya koma 2 ga Satumba. Wani bincike na 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba masu ɗauke da jerin sunaye a Excel. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sanar da sauye-sauye, inda MARCH1 ta koma MARCHF1.

Saboda haka, wajibi ne mai gina irin wannan manhaja ya hana ta yin zato. Idan ta ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida, ta tsaya, ta faɗi lambar layin da kuskuren yake, domin mai bincike ya gyara kafin ya ɗora sakamako a kansa.