Elvis na Fim da Elvis na Tarihi

A 2022 ne Baz Luhrmann, daraktan nan ɗan Ostareliya, ya saki fim ɗin Elvis, inda Austin Butler ya fito a matsayin mawaƙin, Tom Hanks kuma a matsayin manajansa, Kanar Tom Parker. Tushen labarin gaskiya ne. An haifi Elvis Presley a 1935 a garin Tupelo na jihar Mississippi a Amurka, gidan talakawa. Ya girma a Memphis yana sauraren waƙoƙin baƙar fata, na coci da na dandali. Direban mota ne sa'ad da kamfanin Sun Records ya fitar da faifansa na farko a 1954.

Waƙar da ta ɗaga shi, That's All Right, ta Arthur Crudup ce tun 1946. Hound Dog kuwa, wata waƙar da ya rera, Big Mama Thornton ce ta fara naɗar ta a 1952. Dukansu baƙar fata ne, a zamanin da wariyar launin fata ke hana muryarsu shiga yawancin gidajen rediyon Turawa. Fim ɗin ya nuna su, a yaba masa nan. Sai dai bai gaya wa mai kallo cewa Crudup ya mutu a 1974 yana ta bin haƙƙin waƙoƙinsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Parker ne mugun fim ɗin, kuma shi ya jawo wa kansa. Kanar ɗin nasa na karramawa ne kawai, ba na bariki ba. Ɗan Holan ne da ya shigo Amurka babu takardu, kuma daga baya har rabin kuɗin Elvis yake kwashewa. Ana danganta rashin fasfonsa da yadda Elvis bai taɓa wasa a wajen Amurka ba, in ban da Kanada a 1957.

To amma jibga wa mutum ɗaya duk laifi wanke ɗayan ne. Elvis yana da shekara 24 ya haɗu da Priscilla, wadda ya aura daga baya, a Jamus a 1959, lokacin tana 'yar 14, kuma fim ɗin bai tsaya kan shekarunta ba. Ƙwayoyin da suka cinye lafiyarsa kafin ya mutu a 1977, yana da shekara 42, an nuna su kamar dole aka yi masa. Ba mamaki iyalansa suka fito fili suka yabi fim ɗin.