Na'urar Ceto Mai Rimot: Amfaninta da Iyakarta

Wanda ruwa ya fara ci ba shi da lokaci. Da zarar numfashi ya yanke, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Ga kuma haɗarin da duk gwanin iyo ya sani: mai nutsewa ruƙunƙume duk wanda ya matso kusa da shi yake yi, ya danna shi ƙasa don ya ɗago kansa, har a rasa su biyun. Waɗannan matsaloli biyu, ƙurewar lokaci da haɗarin mai ceto, su ne suka sa aka ƙera na'urar da ake jefawa ruwa a tuƙa ta da rimot daga gaɓa, ta isa wurin mutum ya ɗafe ta.

Wadda ta fi suna ita ce EMILY, ta kamfanin Hydronalix da ke jihar Arizona a Amurka. Tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya, nauyinta kimanin kilo 11, tana aiki da batir, kuma gudunta kan kai kusan kilomita 35 a awa, abin da babu ɗan Adam da zai yi da iyo. Ba ta da farfela a waje. Ruwa take zuƙa ta feso ta baya, don kada ta yanki wanda ya rungume ta. Ana iya ɗaura mata igiya, idan mutum ya kama sai na gaɓa su janyo. A 2016 an kai ta tsibirin Lesbos na ƙasar Girka, inda 'yan gudun hijira ke tsallakowa daga Turkiyya a jiragen roba maƙare da jama'a. Akwai kuma U-SAFE ta ƙasar Fotugal, mai siffar harafin U, wadda ko igiyar ruwa ta kifar da ita tana ci gaba da tafiya.

Masu cewa kayan wasan masu kuɗi ne ba su yi mata adalci ba. A wurin da ruwa ke da ƙarfin ja, ko inda mutane da yawa suka faɗa lokaci guda, abin da ke tsayar da mutum a saman ruwa kafin jirgi ya iso shi ne ke raba rayuwa da mutuwa, kuma na'urar tana yin haka ba tare da an sa ran wani a haɗari ba. Sai dai masu zuzuta ta ma suna wuce gona da iri. Na'urar ba ta da hannu. Wanda ya suma, ko ya riga ya nutse ƙasa, ko ƙaramin yaron da bai san ya riƙe komai ba, ba ta da abin yi masa. Dole mutum ya shiga. Sannan sai akwai mai gadi a tsaye da ya ga abin ya faru, da rimot a hannunsa da batir a cike. Ko an fito da mutum, ba ita za ta danna masa ƙirji ta hura masa iska ba.

A nan ne alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya ke da muhimmanci. Ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Waɗannan yara a rijiya, kududdufi da rafin bayan gida suke faɗawa, inda babu mai kallo balle mai rimot. Shi ya sa a Bangaladash abin da ya rage mutuwar yara shi ne wuraren renon ƙanana da rana da koya wa manyansu iyo.

Haka lamarin yake a ruwayenmu. Kifewar jirgi a Warrah ta jihar Kebbi da ta Bagwai a jihar Kano, duka a 2021, da ta Patigi a jihar Kwara a 2023, duk sun ci rayuka masu yawa, kuma abin da ake yawan ambatawa a irin waɗannan haɗurra shi ne lodi fiye da kima, tsofaffin jirage, tafiyar dare da rashin rigar kariya. Jirgin da ya kife a tsakiyar kogin Kwara cikin duhu, nesa da masauka, ya fi ƙarfin na'urar da ke ajiye a gaɓa. Kuɗin na'ura guda ɗaya kuwa zai sayi rigunan kariya masu yawa.

Don haka inda za ta yi amfani a wurinmu sananne ne: manyan masaukan jirage ranar kasuwa, madatsun ruwa da ake zuwa shaƙatawa, da hannun jami'an kashe gobara lokacin ambaliya, tare da horar da masunta da mutanen Sarkin Ruwa yadda za su sarrafa ta. Amma hukumar da ta sayo ta alhali fasinjojinta na hawa kwalekwale ba riga, ta fara da abin da ya kamata ya zo daga baya.