Alƙahirar da ma'auratanmu suke wucewa ba su gani ba

Tun da Masar ta buɗe sabon babban gidan kayan tarihinta kusa da dalar Giza ranar 1 ga Nuwamban 2025, sunan Alƙahira ya sake dawowa bakin mutanenmu. Masu shirya tafiye-tafiye sun samu abin talla: kwana uku, miji da mata, otal, hoto a gaban dala, cin abincin dare a kan kogin Nilu. Ra'ayi kuwa ya rabu biyu. Wasu na ganin ga inda za a kai amarya ta huce gajiyar biki. Wasu kuma suna tambayar me zai kai Musulmi kallon kayan Fir'auna da kuɗin aljihunsa. Hukuncin wannan na bar wa malamai. Abin da ya dame ni shi ne duka ɓangarorin biyu sun ɗauka Alƙahira garin Fir'auna ce, alhali sarakunan da suka gina dalar Giza sun mutu da shekara fiye da 3,000 kafin a aza tubalin birnin. Musulmi ne suka kafa shi. Sahabi Amru ɗan Asi ya kafa Fustat wajen shekarar 641, sannan Faɗimawa suka gina Alƙahira a gefenta a 969.

Gidan tarihin ba abin rainawa ba ne. An kashe masa sama da dalar Amurka biliyan 1, yana ɗauke da kaya sama da 100,000, kuma a nan aka tara kayan kabarin Tutankhamun su fiye da 5,000, kabarin da Howard Carter ya gano a 1922. Yini guda ya ishe ku shi da dalar. Jirgin EgyptAir na tashi daga Kano kai tsaye, tafiyar awa huɗu zuwa biyar, kuma daga Nuwamba zuwa Maris ne garin ya fi daɗin yawo da ƙafa. Wannan duk ɗan kamashon tafiya zai faɗa muku. Sauran kwana biyun ne ake asararsu a manyan kantuna irin waɗanda ke Abuja ma.

Farko dai ku fita daga otal da yunwarku. Da sassafe a bakin titi za ku tarar da amalanken mai ful, wato dafaffen wake da ya kwana a wuta cikin wata tukunya mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki, an ɗan kishingiɗar da ita. Mai sayarwa zai zura dogon ludayi ya ɗebo, ya zuba mai da lemun tsami, ya miƙo da gurasa mai zafi, ma'aikaci da ɗalibi da direban tasi duk suna tsaye suna ci. A gefe ana tsamo ta'amiya daga mai. Ƙanwar ƙosai ce, sai dai an niƙa waken da ganyayyaki, in ka gutsura ka ga cikin kore shar, bayanta kuma riɗi. Da rana sai koshari, kuma tun daga nesa za ka ji shagonsa, domin mai zubawa yana ƙwanƙwasa cokali a bakin tukwane yana tafe yana ɗiba: shinkafa, taliya, makaroni, wani ɗan mitsitsin wake da suke kira adas, miyar tumatir, sannan soyayyar albasa a sama. Ruwan tafarnuwa da na yaji suna kan tebur, kowa ya zuba daidai bakinsa. Babu ko tsokar nama a ciki, kuma ba za ka nema ba.

Matar Bahaushe ba za ta daɗe tana baƙunta a teburin Masar ba. In aka kawo mulukiyya, miyar da suke alfahari da ita, loma ɗaya za ta yi ta ce, "Maigida, ai wannan lalo ne." Lalon ne kuwa, an yanka shi siriri ƙwarai, an dafa a romon kaza ko zomo, an ɗora masa soyayyar tafarnuwa. Karkade zoɓo ne. A shagon lemo akwai na tsamiya, akwai na goriba, akwai ruwan rake da ake matsewa a gabanka, wanda dole ka shanye nan take kafin ya canza launi. In akwai sauran kuɗi, a ci tantabarar da aka cusa wa shinkafa ko ɗanyar alkama aka gasa.

Na ce matar Bahaushe da gangan. Mazanmu da yawa sun san Alƙahira sarai, amma ta ƙofar asibiti ko ta sarin kaya. Mace ba ta cika taka garin ba sai tana kwance ko tana jinya. Mutumin da ya iya biyan jirgi don kasuwa, in da hali, ya iya kai iyalinsa tana cikin ƙoshin lafiya, su yi tafiyar ƙafa tare, su ci a kwano ɗaya ba tare da yara da baƙi da waya sun raba musu hankali ba. Aure na buƙatar wannan, kuma ba sai amarya kaɗai ba. Uwargidan da ta shekara ashirin tana girki ta fi kowa cancanta a zaunar da ita a kawo mata.

Yanzu ga abin da ba ya cikin takardar talla. Akwai titin Mu'izz a tsohon gari, wanda ya miƙe kamar kilomita 1 daga ƙofar Futuh, ginin 1087, zuwa ƙofar Zuwaila, ginin 1092. Masallatai da makarantu da gidajen shan ruwa na sadaka sun jeru dama da hagu, kasuwar Khan al-Khalili na gefe, kuma ɗan taku kaɗan sai ga masallacin Azhar, wanda aka fara ginawa a 970 aka gama a 972. Mutanenmu kan shiga su yi raka'a biyu, su ɗauki hoto, su fita. Ba wanda ya gaya musu cewa a tsarin Azhar na da, kowace nahiya tana da sashenta inda ɗalibanta ke kwana, suna karɓar rabon gurasa daga waƙafi, kuma ɗaya daga cikin sassan nan na Barnawa ne. Mutanen ƙasarmu sun yi zaman karatu a harabar nan tun Turawa ba su san hanyar Kano ba.

Abin ma ya girmi haka. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya rubuta cewa tsakanin 1242 da 1252 mutanen Kanem sun ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ dukiya ya gina musu makarantar Malikiyya a Fustat, inda alhazansu da ɗalibansu ke sauka, kuma suna aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Zamanin Mai Dunama Dabalemi ke nan. A 1324 Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira kan hanyarsa ta hajji, ya gana da Sarkin Masar Nasir Muhammad, ya raba zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa, kuma bayan shekara 12 marubuci Umari ya tarar ana ta labarin. Wajen 1391 Mai Usman ɗan Idris na Borno ya aiko wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana ƙorafin wasu Larabawa masu kai hari suna kama mutanensa Musulmi suna sayarwa a Masar da Sham, yana neman a bincika a sake su. Wasiƙar tana nan, marubuci Ƙalƙashandi ya kwafe ta a littafinsa. Sarki ne ke rubuta wa sarki ɗan'uwansa yana neman haƙƙin talakawansa.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure yana da bashin Masar a wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba. Ishmawi da Iziyya, malaman Masar ne suka wallafa su. Mukhtasar, wanda sai ɗalibi ya ƙoshi yake taɓa shi, Shehu Khalil ɗan Ishaƙ ne ya rubuta, kuma a Alƙahira ya rayu ya koyar a ƙarni na 14. Jalalaini da ake jan baƙi ana fassarawa kowane azumi daga Sakkwato zuwa Damagaram, Jalaluddin Mahalli ya fara, ɗalibinsa Jalaluddin Suyuɗi ya ƙarasa, dukansu mutanen birnin nan. Suyuɗi kuwa ya san da mu. Ya gana da Askiya Muhammadu na Songai lokacin da ya ratsa zuwa hajji wajen 1497, ya kuma rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasashenmu, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, yana jan kunnensu kan adalci. Ya rasu a 1505, kabarinsa na maƙabartar Ƙarafa, kudu da ganuwar Salahuddin. Mutum ya shekara talatin yana sauraron tafsirinsa, ya zo har garinsa, ya wuce ta gefensa a mota zuwa sayen turare, ban ga dalili ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda littattafan Larabci ke kira al-Kashnawi. Ya yi karatunsa a ƙasarmu, ya tafi hajji, ya zauna a Alƙahira. Masanin lissafi ne da taurari, kuma a 1732 ya kammala littafi kan hatimai, inda ya bayyana hanyoyin jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Masu binciken tarihin lissafi a duniya suna ambatonsa har yau. Ya sauka a gidan Shehu Hasan Jabarti, ɗaya daga manyan malaman birnin, a nan ya rasu a 1741, ya bar masa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Jabarti, shi ya zama babban marubucin tarihin Masar, kuma ya sa Bakatsinen nan cikin jerin malaman da ya ba da tarihinsu. Masarawa sun rubuta shi. Mu kuwa, ku tambayi ɗaliban sakandare goma a Katsina ku ji nawa suka taɓa jin sunansa.

Akwai dalilin gaggawa. UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya tun 1979, amma daga 2020 hukumomin Masar sun rushe sassan tsofaffin maƙabartun birnin don shimfiɗa tituna da gadoji, har masana da jama'ar ƙasar suka yi ta kuka. Ƙubbar Imamu Shafi'i, wadda aka gina a 1211, tana tsaye an ma gyara ta, domin kowa ya san ta. Ƙananan wurare, irin waɗanda sawun mutanenmu yake, ba su da mai tsaya musu. Me ofishin jakadancin Nijeriya da na Nijar a Alƙahira suke jira? Me ya hana gwamnatin Katsina da ta Borno da jami'o'insu su tura masana su bi sawun nan, su tantance abin da ya rage, su buga ɗan littafi da Hausa da taswira a ciki? Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron yini guda a otal ba.

Ma'aurata dai ba sai sun jira gwamnati ba. Ga ɗalibanmu nan birjik a Azhar, 'yan Nijeriya da Nijar da Ghana da Chadi, sun iya Larabcin titi, sun san motar haya da jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma yawancinsu suna fama da kuɗin haya. Ku nemi ɗaya tun kafin ku tashi, ku biya shi haƙƙinsa da kyau, kada a ce masa "Allah ya yi albarka" kawai a sallame shi. Ku ce ya kai ku masallacin Amru, da na Ibn Ɗulun wanda aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye da ita ta waje, da makarantar Sarki Hasan inda kowace mazhaba cikin huɗun take da nata sashe, ya nuna muku na Malikiyya. Masu kamfanonin tafiya su ma su gyara jadawalinsu, su cire yini guda daga yawon kantuna su sa tsohon gari da Ƙarafa, su ɗauki ɗaliban nan aiki a matsayin 'yan rakiya da albashi sananne.