ZUB DA CIKI: ABIN DA DOKA TA CE A TUNUGA DA MAƘWABTA

Tunuga gari ne na bakin iyaka. Daga nan mutum na iya cin kasuwar Kamba a Nijeriya, ko ya bi ta Gaya ya shiga Malanbil a ƙasar Benin. Kaya na ƙetare iyaka, maganin ƴan tebur ma na ƙetarewa. A cikin masu sayensa har da mata da ƴan mata waɗanda ciki ya zame musu damuwa. Magana ce da ba a yi a dandali, amma tana cin rai.

Yawan abin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana zub da ciki wajen miliyan 73 kowace shekara a duniya. A Afirka, kusan 3 cikin 4 ana yin su ta hanya mai haɗari, ba a hannun ma'aikacin lafiya ba. Wata ta sha saiwa, wata ta sha kanwa, wata ta haɗiye ƙwayoyi barkatai. Sai jini ya ɓalle, ko mahaifa ta ruɓe. Wadda ta tsira ma, wani lokaci ba ta sake haihuwa.

Dokar Nijar

Tun 1961 dokar hukunta laifi ta hana zub da ciki. Ta yanke ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga wanda ya zubar wa mace ciki, ko da da yardarta. Macen da ta zubar da kanta, wata 6 zuwa shekara 2, da tara.

A ranar 21 ga watan Yuni 2006 aka kafa dokar lafiyar haihuwa. Ta ce zub da ciki ba hanyar tsara iyali ba ce. Ta buɗe ƙofa biyu kaɗai. Ta farko, in cikin zai halaka uwa ko ya lalata lafiyarta. Ta biyu, in bincike ya nuna ɗan da ke ciki na ɗauke da mummunar cuta, uwar kuma ta nema. A duka biyun, likitoci ne ke taruwa su duba su yanke. Ba aikin unguwarzoma ba ne, ba na mai magani ba, ba na miji ba.

Don me ake kai wa tsohon ciki?

Irin waɗannan matsaloli ba su cika bayyana da wuri ba. Hawan jini mai kawo jijjiga yakan taso bayan ciki ya wuce wata 5. Nakasar ɗa kuma sai hoton ciki ke nuna ta. Macen da ba ta zuwa awo ba za ta sani ba sai abu ya yi nisa. Ciki na girma, haɗarin taɓa shi na ƙaruwa. Shi ya sa wannan aiki sai babbar likita, inda akwai jini da ɗakin fiɗa, kamar ta Gaya ko ta Doso. Malamai su ma sun yarda, in ran uwa na cikin haɗari, ita za a ceta.

Ƙetaren iyaka

A Nijeriya doka ta fi tsanani: sai don ceton ran uwa kaɗai. A Benin kuwa majalisa ta sake doka a 2021. Ta yarda a cire ciki har sati 12 in zai jefa mace cikin ƙuncin rayuwa, ko ya yanke mata karatu ko aiki. Ministan lafiya na ƙasar a lokacin, Benjamin Hounkpatin, ya ce mata kusan 200 ke mutuwa kowace shekara saboda zub da ciki. Amma dokar Malanbil ba ta aiki a Tunuga.

Ɓari ba laifi ba ne

Mata da yawa na yin ɓari su ɓoye, don tsoron kada a ce su suka jawo. Ɓari ƙaddara ce, doka ba ta hukunta shi. Mai ciki da ta ga jini, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari, a kai ta likita a ranar. Kada a jira maigida ya komo daga fadama ko daga kiwo. Kada a tsaya tambayar yadda aka yi. Amalanke ko babur, duk abin da ya samu a ɗauke ta.

Rigakafi ya fi magani. A 2006 gwamnati ta mai da awon ciki da maganin tazarar haihuwa kyauta a likitocinta. Manomi ba ya barin gero sai ya bushe kana ya nemi ruwa. Maigida ya raka matarsa awo tun watannin farko, ya ji bayanin ma'aikata da kunnensa. Uwa kuma ta jawo ɗiyarta kusa, ta saurare ta tun kafin ta nufi teburin mai magani.