Gwajin Jinin HSV Ba Shaidar Cin Amana Ba Ne

Ana yawan cewa duk wanda gwajin jini ya nuna yana ɗauke da HSV, ƙwayar cutar da ke fito da ƙuraje masu ruwa a leɓe ko a al'aura, to ya taɓa neman banza. Wannan magana ba ta da tushe.

Ƙwayar iri biyu ce. HSV-1 ita ce ta ƙurajen da ke feso wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi, kuma galibi tun ana yara ake ɗaukarta ta yawu ko sumbatar 'yan uwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da ita, wato kusan kashi 64 cikin ɗari. HSV-2 kuwa ta saduwa ake samunta, wannan gaskiya ne. Sai dai gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta yake nema. Ba ya faɗin yaushe aka kamu, ko daga wa. Mutum na iya ɗauke da ita shekara da shekaru ba tare da ko ƙurji ɗaya ba.

Shi kansa sakamakon yakan yi ƙarya. Hukumar CDC ta Amurka ta ce idan lambar gwajin jini na HSV-2 mai suna HerpeSelect ta faɗo tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa kuskure ne, sai an tabbatar da wani gwajin daban. A Disambar 2023 ma hukumar FDA ta gargaɗi likitoci kan irin wannan kuskure. Gwajin IgM da wasu ɗakunan gwaji ke tallatawa wai yana nuna "sabon kamu" ya fi kowanne rauni, domin ba ya bambanta iri biyun, kuma yakan bayyana ko a tsohon ciwo.

Abin da ke gaskiya shi ne gaggawa na ɓata gwaji: garkuwar na iya ɗaukar har mako 12 kafin ta bayyana. Mai ƙuraje a jiki kuwa, gara a dangwalo ruwansu a yi gwajin PCR. Magunguna irin su acyclovir suna rage ciwon da yawan tashinsa, amma ba sa fitar da ƙwayar daga jiki, komai alkawarin mai tallan magani a tasha.